Ukun Ƙarshe na Injiniya Munzali

In ka shiga unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi kana neman Munzali mai gyaran waya, kowa zai nuna maka shagonsa, amma za a ja maka kunne kada ka kira shi haka a gabansa. Injiniya ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya kuma sa aka rubuta a allon shago da jan fenti: INJINIYA MUNZALI, GYARAN WAYA, ƘIRAR MANHAJA DA SAURAN MATSALOLI. Shagon kuwa, in mutum biyu suka shiga, sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya samu wurin juyawa.

A gyaran wayar an san shi da baiwa guda. In ka kawo masa waya ba ta ji, zai mayar maka da ita tana ji, amma ta daina gani. Duk da haka gyaran waya ya yi masa kaɗan. Tun da ya fara kallon darussan rubuta manhaja a intanet, ya sayi kwat ruwan toka da tabarau marar magani, ya daina gaisawa da mutane da hannu biyu.

“Ku ba ku gane ba,” in ji shi wata safiya a teburin mai shayin layinsu. “Aikin da nike koyo yanzu, bayani awa gulbi shike, shina ta kwarara. Mu injiniyoyi bakin gulbin muke zama, mu tare wanda muke so, mu bar saura shi wuce.”

Mai shayi ya ce, “To Injiniya, don Allah tare mani rediyona da ka amsa tun kahin azumi, kada shi wuce.”

Aka yi dariya. Munzali ya gyara tabarau ya ce jahilci ba laifi ba ne, cuta ce.

Matarsa Zuhura ’yar Argungu ce. Mahaifinta, Alhaji Riskuwa, shi ne shugaban Ƙungiyar Masunta ta Bakin Mashaya. Kowace bazara ƙungiyar tana yin gasar su, wato kamun kifi, ba babban bikin nan da duniya ta sani ba, ’yar gasa ce ta cikin gida, amma masunta sun ɗauke ta da zafi fiye da babbar. Wata Juma’a Munzali ya kai Zuhura ganin gida, ya tarar da surukinsa zaune a zaure ya yi tagumi.

“Lahiya, Baba Alhaji?”

“Ina lahiya, gasa ta ƙarato. Bara da kujeru anka tashi. Arzika yac ce mai duban sikeli ɗan ƙanen Tamba na, Tamba yac ce mai rubutawa makwabcin Arzika na. Su biyun ga kowace shekara su ka kamo manyan, kowace shekara su ka hwasa taro. Bana ga injin ban-ruwa sabo hul wani bawan Allah ya ba mu kyautar na ɗaya. In anka yi wasa, kisan kai za a yi kanshi.”

Munzali ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

“Baba, da ka hwaɗa mani tun bara, da ba a karya kujera ko ɗaya ba. Matsalarku mutum. Ku cire mutum. Ba mai duba, ba mai rubutu, ba biro ba takarda. Kihi shi hau sikeli, sikeli shi gaya ma kwamfuta, kwamfuta ta ɗauki hotonshi, in an gama ta hiddo gwanaye uku bisa talabijin kowa shina gani. Kwamfuta ba ta da ɗan ƙane.”

Wannan magana ta ƙarshe ta shiga Alhaji. Ya maimaita ta a taron ƙungiya, ta shiga kowa. Har Arzika da Tamba, waɗanda ko gaisuwar mutuwa ba sa zama tabarma ɗaya, suka amince.

Zuhura ce kaɗai ba ta amince ba. A mota suna komowa ta ce, “Maigida, ka taɓa yin irin wanga aiki?”

“An taɓa haihuwar mutum da gemu?”

“Gidan ubana na hwa. In ta ɓaci, ba ni da wani.”

“Ki shirya ashobin biki kawai,” in ji shi.

Ya samo sikelin awon buhu irin mai faffaɗan faranti a ƙasa, wanda ke aika nauyi zuwa kwamfuta ba tare da waya ba. Ya ɗauko wata wayar da aka kawo gyara, ya ɗaure ta a sanda don ɗaukar hoto. Manhajar kuwa, ya tsinto ta ne gutsure-gutsure daga intanet, ya harhaɗa kamar ɗinkin bargon tsumma. Da ya gama sai ya ce za a yi gwaji a tsakar gida, ya aika aka kira ƙanwarsa Mubina, wadda ta karanta kwamfuta a kwalejin fasaha take kuma koyarwa a wata sakandare. Ba don ta duba ya kira ta ba, don ta gani ne.

Ya sa Zuhura ta jero kayan gida daga ƙarami zuwa babba, wai aiki sai da tsari. Aka ɗora takalmi, aka sauke. Aka ɗora buta, sai dutsen guga, sai turmi, sai jarkar ruwa, daga ƙarshe buhun gero. Munzali ya ɗaga yatsa sama, ya sauke shi a kan maɓalli. Kwamfuta ta buga kiɗa, ta nuna turmi na uku, jarka ta biyu, buhun gero na ɗaya.

“Kun gani?” Ya buɗe hannuwa. “Akwai wanda yah hi buhun ga nauyi cikin gidan ga?”

Mubina ta jawo kwamfutar, ta bi rubutun da ido, ta tsaya a wani layi.

“Yaya, wanga umarni mi yake yi nan?”

“Shi na zuciyar aikin. Tek-las ake ce mishi. Riƙe ukun ƙarshe.”

“Ƙarshen mi?”

“Ke ba ki kallon ƙwallo? Su wa ka zuwa wasan ƙarshe, ba gwanaye ba? In anka ce abu ƙarshe na, ai an gama yabo.”

“Yaya, ƙarshen layi ake nuhi, ba ƙarshen girma ba. Abin da duk yah hau sikeli, in uku sunka biyo bayanshi, zubar da shi take yi. Kuma ba ta nuna komi sai an ruhe awo. Yanzu ma don kun jero su daga ƙarami zuwa babba ne tay yi daidai. Kihi kuwa ba bisa tsari yake hitowa ruwa ba. Sake gwadawa, ka hwara da buhu ka ƙare da takalmi.”

“In sake ɗaukar buhun ga? Bayana na ƙarhe na?”

“Ni dai nid ɗauko shi,” in ji Zuhura.

Mubina ta ce, “Ba ni minti kaɗan in gyara maka, layi biyu na.”

Munzali ya rufe kwamfutar har ya kusa datse mata yatsa. “Matsalar ’yan makaranta ke nan. An ba ku takarda, an hana ku hikima. Ni da nid ɗauke ki a baya kina hitsari, yau ke za ki gyara mani aiki?”

Mubina ta ɗauki jakarta. “Allah shi ba da sa’a. Ka dai sa wani shi riƙa rubutawa a gehe.”

“Biro bai shiga hilin nan,” in ji shi. Kuma don ya tabbatar, sai ya samo baƙin salatif ya liƙe fuskar sikelin ruf, yadda ba mahaluƙin da zai ga lamba balle ya ce an yi son kai.

Ranar gasa ya aro babban talabijin daga gidan kallon ƙwallo, ya rungume shi a motar haya tun daga Birnin Kebbi har Argungu. Talabijin ya tokare wuyan direba, ya rufe fuskar wata tsohuwa, wadda ta yi ta tambaya ko an iso tun ba a bar gari ba. A bakin gulbi aka kafa rumfa, aka jera kyaututtuka: injin ban-ruwa na ɗaya, keke na biyu, buhun shinkafa na uku. Munzali ya ɗora talabijin a kan tebur biyu, ya tayar da janareto, ya haɗa wayarsa da lasifikar taro don kiɗan nasara ya fito da ƙarfi. Kafin a buɗe da addu’a ya karɓi makirfo ya yi jawabi, ya ce daga yau tarihi ya rabu biyu, kafin Munzali da bayan Munzali.

Aka buga ganga. Masunta suka ruga cikin ruwa da goruna da ragar homa, ruwa ya yi baƙi da kawuna. Ba a jima ba kifi ya fara fitowa. Wannan ya kawo tarwaɗa, a ɗora a sikeli, wayar sanda ta yi ƙyas, a sauke. Wancan ya kawo ragon ruwa, ƙyas, a sauke. Jama’a suka taru gaban talabijin suna jiran lamba.

Ba lamba. Wani ɗan zobe ne kawai fari a tsakiyar allo yana ta juyawa.

“Injiniya,” in ji wani masunci, ruwa na ɗiga daga wandonsa, “kilo nawa nawa yay yi?”

“Tana sane.”

“To ta hwaɗa mana.”

“Alƙali na yanke hukunci tun shaidu ba su ƙare ba?”

Wani daga baya ya ɗaga murya, “Talabijin ɗinka na ta juyi awa baƙo mai neman alƙibla!”

“Tunani take yi,” in ji Munzali. “Abin da wasunku ba su taɓa gwadawa ba.”

Alhaji Riskuwa ya matso ya yi ƙasa da murya. “Malam Munzali, lahiya dai ko? Mutane sun hwara magana.”

“Baba, zoben nan da kake gani, kowane juyi lissahi dubu na.”

Alhaji ya kalli zoben da girmamawa, ya koma kujerarsa.

Rana ta take sai ihu ya tashi daga gabas. Arzika ne, ƙato mai wuya kamar turmi, da mutum uku suna taya shi ɗauko giwan ruwa, jelarsa na jan ƙasa. Aka kwantar da shi a sikeli, ƙyas. Ba a gama kabbara ba sai ihu ya tashi daga yamma. Ga Tamba, siriri dogo mai ido ja, shi ma da nasa giwan ruwan, an rato shi a gora. Aka ɗora, ƙyas. Aka shimfiɗa kifayen biyu gefe da gefe a kan tabarma. Tsofaffin masunta suka zagaya, suka tsuguna, suka auna da taƙi. Wani ya ce na Arzika ya fi kauri, wani ya ce na Tamba ya fi tsawo. Ido dai ya kasa rabawa.

“Nawa ya ci naka da ƙashi,” in ji Arzika.

“Naka ciki na, ruwa yash sha,” in ji Tamba. “Huda shi ka gani.”

Munzali ya shiga tsakani yana murmushi. “Ku kwantar da hankali. Don rana irin wagga anka yi ni.”

To, zafin bazara a bakin gulbi ba ya jiran kowa. Ƙudaje suka fara sauka, mata masu suya da masu banda sun kafa kaskonsu suna wasa wuƙa, suna cewa in aka ƙara jinkiri kifin zai juya, ba mai saye. Alhaji ya sake matsowa.

“A bari a yanka, ko a jira sakamako?”

“A yanka, Baba! A soya, a cinye, a sha ruwa. Abin da yash shiga kwamfuta ya shiga ke nan.”

Arzika ya dafa kifinsa. “Ka tabbata?”

“In ta ɓace, ka ɗora ni bisa kasko madadin kihin.”

Aka yanka. Kafin wani lokaci giwayen ruwa biyu sun zama gunduwa-gunduwa, ƙamshi ya cika filin. Aka ci gaba da awon sauran kifi har ruwa ya yi shiru, masunta suka fito.

Aka kira la’asar. Da Munzali ya rufe awo a lokacin, da abin ya zo da sauƙi, ko da yake ba sauƙi sosai ba. Amma ya ce ba za a danna maɓallin rufewa a ɓoye ba, sai manyan baƙi sun dawo sun zauna, mai hoto ya shirya. Ya bar komai a kunne, ya bi maza zuwa sallah a ƙarƙashin itatuwa.

Filin ya rage ba kowa sai mata can wajen suya. Wata akuya ta biyo ganyen albasa da ya zube, ta hau farantin sikeli tana taunawa. Ƙyas. Ta sauka. Sai ga wani tsoho, Baba Kalilu, wanda ya shiga ruwa tare da kowa amma ya fito bayan kowa, riƙe da ’yar karfasa da ba ta kai tafin hannu ba. Ya duba bai ga mai awo ba, ya ce shi dai ba zai koma gida a ce bai auna ba. Ya ɗora. Ƙyas. Ya ɗauke abarsa ya tafi alwala.

Daga nan sai Hajiya Hamida, uwargidan Alhaji Riskuwa, mahaifiyar Zuhura, ta taso daga wajen rabon abinci. Mace ce mai cika ido da cika kujera, wadda ko Alhaji sai ya duba fuskarta kafin ya yi tari. Likita ya daɗe yana ce mata ta riƙa duba nauyinta, ita kuwa ba ta yarda ta hau sikeli a gaban ’yan asibiti ba. Ta ga sikeli ba kowa. Ta duba dama, ta duba hagu. Ta ajiye jaka, ta cire takalmi ta riƙe a hannu, ta hau, ta ja numfashi ta shanye ciki. Ƙyas. Ta leƙa fuskar sikeli ta ga baƙin salatif.

“Aikin banza,” in ji ta. Ta sauka ta koma wajen tukwane.

Aka dawo daga sallah, wuri ya cika har kan itatuwa. Arzika ya tsaya kusa da injin ban-ruwa ta dama, Tamba ta hagu, kowanne ya ɗora hannu a kai. Hajiya Hamida ta zauna a sahun gaba, Zuhura a gefenta. Sanƙira ya karɓi makirfo ya yi wa Munzali kirari, ya kira shi gulbi sha bamban, kwamfuta uwar lissafi. Munzali ya gyara kwat, ya jira mai hoto ya daidaita, ya ɗaga yatsa.

“Jama’a, yau za ku ga adalcin da ba hannun mutum cikinshi.”

Ya danna. Zobe ya ɓace. Kiɗa ya tashi, furanni suka zubo a allo, aka rubuta NA UKU.

Akuya ta bayyana, ganyen albasa na leƙowa daga bakinta, tana kallon jama’a.

Can wata mata ta yi guɗa daga wajen suya. “Tawa ta! Wallahi akuyata ta! A ba ni shinkahwata!”

“Gwaji na,” in ji Munzali da sauri. “Tana gaisawa da jama’a tukuna.”

Kiɗa ya sake tashi. NA BIYU. Ga ’yar karfasa kwance a tsakiyar faranti, kamar an yar da cokali a filin idi.

Baba Kalilu ya miƙe zumbur. “Allahu akbar! Tun ina saurayi nike shiga gasar ga!” Ya nufi keke kai tsaye ya kama ƙaho.

Munzali ya fara danne-danne. Gumi ya jiƙa kwat. Amma manhajar, da yake shi ya haɗa ta, ba ta da wurin tsayarwa. Kiɗa ya ƙaru, aka buga tambari, manyan haruffa masu walƙiya suka cika allo: NA ƊAYA, GIWAN RUWAN BANA.

Sai ga Hajiya Hamida, takalmi a hannu, kumatu a kumbure, ido a zare, ciki a shanye. A ƙarƙashinta lamba ta fito da jan rubutu, kowace kamar kan yaro. Ba zan faɗi lambar ba, don Hajiya tana nan da ranta, kuma ina bin hanyar Argungu.

Ba wanda ya yi motsi. Alhaji Riskuwa ya sunkuyar da kai yana duban carbinsa kamar yau ya fara ganinsa. Zuhura ta ja mayafi ta rufe fuska. Sanƙira, wanda bakinsa ya riga hankalinsa, ya riga ya fara, “Giwa mai ban tsoro, a ruwa...” sai ya haɗiye sauran.

Wani daga kan itace ya ce, “To, ai kwamfuta ba ta yi ƙarya ba!”

Dariya ta fashe kamar an ɓalle madatsa. Mutane suka riƙa faɗuwa kan juna, wani ya faɗo daga reshe bai daina ba. Munzali ya cire kwat zai rufe talabijin, kwat ɗin bai rufe komai ba sai takalmin da ke hannun Hajiya. Ya mayar da shi jikinsa.

Arzika bai yi dariya ba. Tamba ma haka. Suka matso tare.

“Ina kihina?” in ji Arzika.

“Shina ciki. Duk suna ciki. Bari in kira ƙaramar ma’aikaciyata ta tuna mani inda nis sa su.”

Ya juya baya, ya kira Mubina, ya kare baki da hannu yana raɗa. Ya manta wayar tana haɗe da lasifikar taro.

“Salamu alaikum, Yaya,” muryar Mubina ta karaɗe bakin gulbi har tsallake. “An gama? Wa yac ci?”

“Mubina, ina sauran suke shiga? Waɗanda anka auna da hwarko?”

“Ba su shiga ko’ina. Ai na gaya maka, ukun ƙarshe kaɗai take riƙewa, saura zubarwa take.”

“Hotunan hwa?”

“Tare suke tahiya. Amma ba komi, tunda ka sa an rubuta a gehe.”

Munzali ya share gumi da hannun kwat.

“Yaya? Ba ka sa an rubuta ba? To ku sake auna kihin mana, ai yana nan.”

Dubban idanu suka juya wajen kaskon suya. Wani bawan Allah da ke tsotsar ƙaya ya cire ta daga baki a hankali ya ɓoye a bayansa.

“Yaya, wai mi nike ji haka awa kasuwa? Kada dai ka ce mani...”

Ya kashe wayar.

Arzika ya dubi Tamba. Tamba ya dubi Arzika. Rabon da su haɗa ido ba zagi tun suna samari.

“Kai ka kama ƙahwahu,” in ji Arzika. “Shi yac ce a ɗora shi bisa kasko.”

“Bismilla,” in ji Tamba.

Munzali ya duba gabas mutane, yamma mutane, bayansa kaskon mai yana tafasa. Gulbi ne kaɗai a buɗe. Ya zura da gudu, ya yi tsalle ya faɗa wani kwalekwale da ke bakin ruwa, ya tura. Ya ɗauki filafili, abin da bai taɓa riƙewa ba, ya yi ta tuƙi ta gefe ɗaya. Kwalekwale ya fara juyawa a wuri guda, ya juya, ya sake juyawa.

“Ku bar shi,” in ji na kan itace. “Tunani yake yi!”

Ya miƙe tsaye zai ba da amsa, kwalekwale ya kife. Ruwan bai wuce ƙirji ba, amma sai da ya yi ihun a kawo agaji da harshe biyu kafin ƙafarsa ta gaya masa akwai ƙasa.

A nan Hajiya Hamida ta miƙe. Dariya ta ɗauke kamar an kashe janareto. Ta taka a hankali har gaban rumfa, ta karɓi makirfo daga hannun sanƙira ba tare da ta dube shi ba.

“Alhaji, kun ce abin da kwamfuta tac ce shi na hukunci?”

Alhaji ya ce, “Haka munka ce, Hajiya, amma...”

“Arzika, Tamba, kun amince da haka gaban jama’a?”

Suka yi ƙasa da kai. Sun amince.

“To ni tac ce. A kai mani injina gonar albasa. Mai akuya ta ɗauki shinkahwarta, Baba Kalilu shi hau kekenshi. Wanda duk ke da magana, ga ni.”

Ba wanda ke da magana. Arzika da Tamba da kansu suka ɗaga injin, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, suka bi ta da shi, suna gardamar wa ya fi ɗaukar nauyi.

Hajiya ta tsaya a bakin ruwa ta dubi surukinta, wanda ke tsaye cikin gulbi, tabarau a karkace, ciyawa a ka.

“Malam Munzali, hito.”

“Inna, nan ma lahiya lau nike.”

“Hito nic ce. Injin ga na son mai jan tiyo har albasa ta nuna, kuma na ji an ce kai injiniya na.”

Ya fito yana ɗiga, laka har gwiwa, takalmi ɗaya ya zauna a gulbi. Ya tsaya gaban jama’a, ya gyara abin da ya rage na kwat, ya buɗe baki zai yi bayanin cewa a ƙasashen da suka ci gaba irin wannan ba kuskure ake kiransa ba. Sai aljihun kwat ɗin ya motsa. Ya sa hannu, ya zaro wani ɗan tarwaɗa kamar yatsa, yana ta mutsu-mutsu.

Baba Kalilu, da ke tura kekensa zai wuce, ya tsaya ya leƙa kifin, ya dafa kafaɗar Munzali.

“Maza ɗora shi bisa sikeli, ɗana,” in ji shi. “Ba wanda yaz zo bayanka. Kai ka ci.”